Yadda na kwance kayan da na ɗora wa BMW ɗina na sayar da su ɗai-ɗai

Tun ranar da na saka hoton motar nan a sitatus ta koma yadda kamfani ya yi ta mutane ke ta damuna da tambaya, ina rim ɗin, ina salansar, nawa ka sayar, wasu har da cewa ai da ka faɗa mana da mun saya. To bari in zauna in ba da labarin sau ɗaya kowa ya huta, dan wallahi da na samu wanda ya yi min wannan bayanin tun farko da ban ɓata kusan wata uku ina zarya tsakanin gareji da kasuwa da tasha ba.

Motar dai BMW ce E36, 325i, manuwal, ƙofa huɗu, mai injin M50 silinda 6. Tun 1990 aka fara ƙera irinta, kun ga ba yarinya ba ce. A 2019 na saye ta a hannu, daga nan na shiga ɗora mata kaya kaɗan-kaɗan duk sanda kuɗi suka shigo. Na saka koyiloba, wato shokar nan mai zare da kake ɗaga mota ko ka sauke ta yadda kake so, a 480,000. Rim BBS inci 17 da tayoyinsu 550,000, salansar sitenles 220,000, bakaksil mai LSD, wato wanda ba ya barin tayar baya ɗaya ta riƙa juyawa ita kaɗai in ta sulɓe, 180,000, hambirki mai aiki da man birki 60,000, sitiyarin Momo 75,000, kujerar tsere guda ɗaya 150,000, sai filta da ɗan gajeren hannun giya wajen 70,000. In aka haɗa da kuɗin aiki abin ya doshi miliyan 2, kuma ban taɓa zama na lissafa ba sai da sayarwa ta taso, ranar da na lissafa kuwa sai da na ajiye biron na yi shiru.

Abin da ya sa na yanke shawarar rabuwa da ita ba ɓoyayye ba ne. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da 200 ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, a Yuli ta wuce 600, ita kuma wannan tankinta lita 60 da ɗoriya ne kuma ba ta san tsimi ba balle in ƙafarka na da nauyi irin tawa. Ga madam ta samu juna biyu ta rantse ba za ta sake shiga ba, saboda duk tudun da muka hau sai cikin motar ya gurji ƙasa, ga maƙwabcina dattijo da ya tare ni bayan sallar asuba yace ɗana wannan motar taka ita ce ladanin unguwar nan yanzu. Kunya kamar in nitse.

Farkon Janairu 2024 na kai ta wajen dillalan mota yadda take da komai nata, na ce miliyan 4 da rabi, a raina ina cewa ai duk wanda ya ga kayan da ke jikinta zai san na yi sauƙi. Ashe ni kaɗai nake wannan lissafin. Mutum na farko wani Alhaji ne ya zo nema wa ɗansa, ya zagaya ta sau biyu ya durƙusa ya leƙa ƙasa ya ce shokar ce ta mutu ta zauna haka? Na fara masa bayanin koyiloba, ya dube ni kawai ya ce a tayar, ana tayarwa salansar ta yi gurnani ya ja baya ya ce Allah ya kawo kasuwa. Sati uku motar na wajen, ina biyan kuɗin wanki da na mai gadi, tayin da ya fi kowanne shi ne miliyan 2.2. Da na yi ƙorafi sai babban dillalin ya ja ni gefe ya ce ranka ya daɗe in faɗa maka gaskiya, mai sayen mota a nan abu biyu yake gudu, wadda aka taɓa da wadda aka yi wasa da ita, taka kuma daga nesa ta nuna duka biyun, da a ce yadda ta zo take da ta kusa miliyan 3. Wato kayan da na kashe wa miliyan 2 rage mata daraja ma suka yi.

Na ɗauko ta rai a ɓace na wuce gareji wajen makanikina, shi ne ya ce oga ai ba haka ake yi ba, a mayar mata da nata na asali a sayar da ita a matsayin mota, waɗannan kuma a nemi 'yan harkar su saya. Sai ya tambaye ni ina tsofaffin kayan. Nan ne gabana ya faɗi. Rim na asali da kujera da sitiyari suna sito a gidan Hajiya, ƙura ce kawai ta rufe su. Amma shoka da sifirin da bakaksil da salansa duk a garejin na bar su lokacin da aka cire, na ce ban da abin yi da su, yara sun daɗe da kai wa 'yan gwangwan. Salansar ce ta fi yi min ciwo dan da indominta a ciki, wato abin nan mai tace hayaƙi, kuma kowa ya san indomi kaɗai kuɗi ne mai kyau. Dole muka shiga Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota a nan Kano, ni da shi neman na Beljiyam, kwana biyu muna yawo saboda kayan E36 ba kamar na Corolla ba ne da za ka samu a kowane shago, sai an aika yaro wancan layin ya ce a jira oga ya dawo daga masallaci. Shoka da sifirin 140,000, salansa 90,000, bakaksil 85,000, tayoyi na hannu guda huɗu 100,000 tunda na jikin tsofaffin rim ɗin duk sun tsattsage a ajiye. Aikin kwancewa da ɗaurawa kwana uku 45,000, alaimen 10,000, sai mai rewaya 10,000 saboda da aka mayar da sitiyarin asali hon ya ƙi yi kuma fitilar iyabag ta ƙi mutuwa. Jimla 480,000 na fitar daga aljihu kafin in ga ko sisi, kuma ku saka wannan a lissafinku tun farko dan ni ban saka ba, sai da na ranci wani abu a wajen ƙanina.

Da kayan suka sauko na yi wauta ta biyu, na loda su a but na koma kasuwa ina ganin a yini ɗaya zan karɓi kuɗina. Mai shago ya ɗaga koyiloba ya jujjuya ya ce wannan na wace mota ce, na faɗa masa, ya ce zai ba da 60,000 duka huɗun kuma taimako ya yi. Bakaksil kuwa kuɗin na yau da kullum suka taya, babu ruwansu da wani LSD. Da farko na ji haushi amma da na yi tunani ban ga laifinsu ba, ɗan kasuwa abin da ake tambaya kullum yake saye, kayan Golf da Sharon da Corolla da Hijet, in ya sayi nawa zai iya shekara yana kallonsa a kan kanta. Na ce albarka na kwaso kayana.

Sai na koma waya. Na wanke komai da fetur da burushi, na shimfiɗa kwali a tsakar gida da safe lokacin da haske ke da kyau na ɗauki hoton kowanne ta kowane ɓangare har da lambobin da ke jiki da inda ya ƙuje. Na saka a Jiji da Facebook Marketplace da Instagram, wani abokina kuma ya tura a guruf ɗin WhatsApp na masu BMW, kuma maganar gaskiya kusan duk cinikin da ya faɗa daga guruf ɗin nan ya fito, sauran wuraren yawanci masu tambayar nawa ne gaskiya ne su ɓace, wani ma ya ce in ba shi rim ya ba ni iPhone da ciko. Wajen sa kuɗi na duba nawa sabon yake da dala a lokacin na raba biyu. A Fabrairu 2024 dala ta haye 1,500 a kasuwar bayan fage, ni kuwa na sayi yawancin kayan tana wajen 500 da wani abu, shi ya sa in ka kalli lambar naira sai ka ga kamar ban faɗi ba, amma abin da kuɗin za su saya maka ba ɗaya ba ne.

Rim ne suka fara samun mai so. Wani yaro mai Marsandi C-Class ya kira yana rawar jiki, yaya dan Allah kar ka sayar wa kowa, ya turo kafin alƙalami 50,000 tun kafin ya gani. Washegari ya zo muka je wajen mai faci aka ɗaga motarsa aka kawo rim, rami biyar ne a nan biyar a can amma kusoshi suka ƙi hawa. Ni na san da maganar amma ɗokin ciniki ya sa ban tambaye shi motarsa ba a waya. BMW irin tawa 5x120 ce, wato rami biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 120, Marsandi 5x112, Honda Accord da Camry kuma 5x114.3, da ido kamar ɗaya amma ba sa shiga juna. Mai facin ya ce a kai wajen mai injin ya ɗan faɗaɗa ramin, na ce ba da ni ba, ba zan sayar wa ɗan mutane abin da taya za ta fice masa a hanyar Zariya ba. Na mayar masa da kuɗinsa cas, na kuma gyara tallan na rubuta 17, 5x120, da manyan baƙi. Bayan kwana shida wani mai E46, wato BMW ɗin da ta biyo bayan tawa, ya zo, shi ya san abin da yake yi, ya kwantar da kowane rim ya bi cikinsa da yatsa har ya gano inda aka taɓa yi wa ɗaya walda, Allah ya taimake ni na riga na rubuta a tallan. Ya duba lambobi huɗun nan da ke gefen taya, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, nawa 3220 ne wato sati na 32 a 2020, ya ce tayoyin sun fara tsufa a rage masa. Daga 680,000 muka sauka 600,000, ya tura, na ga kuɗi a af ɗin bankina, aka ɗaura masa a wajen.

Sitiyarin Momo ne aka yi min ta'asa a kansa. Ranar wata Juma'a da yamma wani ya kira ya ce yana kusa da unguwarmu, muka haɗu a bakin titi, mutum fes da shi da shadda da ƙamshin turare, bai ma yi wani ciniki ba na ce 70,000 ya ce ya saya. Ya danna wayarsa ya nuna min rasit, nan take saƙo ya shigo wayata da sunan banki da adadin kuɗin. Na buɗe af yana ta juyawa bai buɗe ba, shi kuma yana duba agogo yana cewa oga magariba ta kawo jiki kuma ga alat ya shigo. Na ji nauyin in tsare babban mutum a kan 70,000, na miƙa masa. Da dare af ya buɗe babu komai, na ce ƙila netwok ne, Asabar babu, Lahadi lambarsa a kashe. Litinin na je banki na bi layi kusan awa biyu aka buga min sitetmen, yarinyar ta duba ta ce yallaɓai babu wani kuɗi da ya taso ma balle ya maƙale. Mutumin ya yi layar zana. Na yi tunanin kai ƙara na lissafa zirga-zirgar da abin da za ta ci na haƙura. Daga ranar duk wanda ya zo, ko da rawani ya zo, sai na ga balans ɗina ya ƙaru da idona kaya ke barin hannuna, kuma a gareji nake haɗuwa da kowa inda akwai mutane. Salansar ma haka aka yi, mai sayen ya zauna a benci minti 40 muna jiran kuɗi su shigo yana ta tsaki, da 170,000 suka shigo na ba shi haƙuri na saya masa lemo.

Bakaksil ɗin wani ɗan wasan mota ne a Abuja ya nema, a nan kuma matsalar ita ce wa zai fara yarda da wani, shi ba zai yi cinikin biri a sama ba ni kuma an riga an sare ni sau ɗaya. Ya ce in tabbatar masa LSD ne na gaske ba wanda aka yi wa walda ba. Na ɗauki hoton ɗan ƙarfen da ke maƙale a murfin inda aka buga S3.15, S ɗin ce ke nuna LSD ne, sannan na yi bidiyo ina juya gefe ɗaya ɗayan na bin sa, dan na yau da kullum in ka juya gefe ɗaya ɗayan baya yake yi. Ya ce ai mai walda ma haka yake yi, kuma gaskiyarsa, sai da makaniki ya buɗe murfin muka haska ciki da tocila a kiran bidiyo. A ƙarshe ya turo wani abokinsa da ke Kano ya gani da ido, aka tura 260,000, sannan muka kai tasha tare. Direba ya karɓi 8,000 saboda nauyi, na rubuta rasit da sunana da na mai saye da abin da ke cikin buhun na ba shi kofi ɗaya, dan kayan mota a but ba takarda in aka tsayar a hanya tambaya ce za ta yi yawa. Na ɗauki hoton lambar motar da lambar wayar direba. Duk da haka sai da aka samu matsala, ashe man cikin bai gama tsiyayewa ba, ya bi buhu ya ɓata jakar wata fasinja, ga warin man giya kun san shi, direba ya kira ni daga Kaduna yana faɗa matar na faɗa a bayansa, na tura 5,000 na sabulu da ban haƙuri. Daga nan wayarsa ta mutu har gari ya waye, na kwana ina juyi mai kaya na kirana, sai wajen ƙarfe 10 na safe ya turo hoto kaya sun isa.

Koyiloba su suka fi daɗewa. Da na wanke su ne na ga ɗaya na baya yana jiƙewa da mai, ramukan hanya sun yi aikinsu, zaren na gaba kuma ƙura da ruwan damina sun cinye ya ƙi motsi sai da aka jiƙa shi kwana biyu ana bugawa a hankali, ƙananan sifanun da ake juya su da su ma ɗaya ya ɓata. Na rubuta duk wannan na sauke kuɗi daga 500,000 zuwa 400,000. Masu E46 biyu suka tambaya na ce musu ba naku ba ne, rim ne kuke tarayya da mu ba shoka ba. Wanda ya saya a ƙarshe abokina ne da muke fita tare, ya ba da 300,000 ya ce saura ƙarshen wata, ya ƙaro 60,000 bayan sallah, 40,000 kuwa har yau muna gaisawa lafiya lau ba wanda ke tayar da maganar. Filta da hannun giya na haɗa su 45,000 wa wani ɗalibi.

Ita motar kanta da ta koma kamanninta, na cire baƙin gilas na kai ta aka yi mata wanki mai kyau, kwana tara ta yi a wajen dillalan nan dai aka saya miliyan 2.9, la'ada 100,000. Mai sayen ya nemi takardar kwastan da shaidar mallaka da lasin da inshora da takardar VIO, ya sa aka duba lambar injin da ta shasi suka dace da takarda, a nan na gode wa Allah da ban taɓa canza injin ba duk da an sha zuga ni. Muka rubuta yarjejeniya da shaidu biyu-biyu kowa ya riƙe kofi, na kuma matsa masa sai da muka je ofishin lasin aka fara canjin suna, rabin yini muka yi a can, dan ba na son mota na yawo da lamba da sunana alhali ban san inda take kwana ba.

In aka yi lissafi, kaya sun kawo 1,435,000 a hannu, a cire 480,000 na mayar da ita asali, a haɗa da miliyan 2.8 na motar, na tashi da wajen miliyan 3 da dubu 750, maimakon 2.2 da aka taya ni da farko. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu amma ba ta dawo da abin da na zuba ba, kuma wata uku na wahala ne da amsa waya har tsakar dare. Wanda duk ke shirin taɓa motarsa, duk abin da aka cire ya kai gida ya ajiye ko da noti ne, da na yi haka da kusan 315,000 sun zauna a aljihuna. Ya ajiye rasit da kwalin kaya da 'yan sifanunsu, ya tambayi mai saye wace mota gare shi da shekararta kafin a fara maganar kuɗi, ya faɗi aibin kaya da bakinsa tun kafin a gano dan 'yan harkar nan kaɗan ne kuma duk sun san juna, magana ɗaya a guruf ta isa ta hana ka sayar da sauran. Ya tsiyaye mai tas ya naɗe da leda kafin buhu in zai aika tasha. Bashi kuma ko ga aboki ne a rubuta rana.

Hambirkin da kujerar tseren har yanzu suna nan ba wanda ya taya da daraja, wani ya ce 40,000 kujerar na ce ya bari. Tana zaure na jingine ta da bango a kan bulo biyu, ƙanina ya mayar da ita wajen zaman kallon ƙwallo a waya, jiya ma na tarar madam a kai tana jijjiga jaririn ta ce ita kaɗai ce abin kirki a duk kayan motar. Mai E36 da ke so ya yi magana, amma ya zo da layin dogon kujerarsa, wato ƙarfen da take zamewa a kai, dan nawa na mayar wa motar.